Dokar Ajiye Ƙwallo

Dokoki biyu ne a filin ƙwallon kwando na Dala. Ɗaya tana cikin littafi, ɗayar kuma Koci Phoebe ce ta kafa ta.

Ta littafin ba ta da wuya. Kada ki yi tafiya da ƙwallo a hannu. Idan kin buga shi da ƙasa kika kama da hannu biyu, to bugu ya ƙare, sai miƙawa ko jifa. Kika sake shi kika kuma ɗauka, an karɓe an ba abokan karawa. Laifi biyar, kin koma benci. A Zariya Phoebe ta koyo waɗannan, inda ta yi karatun koyar da wasanni, ta dawo Maiduguri ta shekara goma sha ɗaya tana cusa su a kan 'yan mata.

Ta biyun ba a Zariya ta koyo ta ba.

Wata Laraba, shekara biyu da suka wuce, suna cikin atisaye sai bam ya tashi a bakin titi. 'Yan matan suka watse, kowa ta nufi ƙofa. Jannat ta fi kowa gudu, don ita ce ke ciyo musu maki. Ita ta fara isa titi, ƙwallon na rungume a ƙirjinta, ta ma manta tana riƙe da shi. A nan bam na biyu ya tashi, wanda ake ajiyewa don masu gudu da masu kawo ɗauki. Da la'asar wani mai shago ya dawo wa Phoebe da ƙwallon. Ko fashewa bai yi ba.

Tun daga ranar ta kafa doka. In an ji ƙara, wadda ke da ƙwallo ta ajiye shi a ƙasa daidai inda take, kowa ta durƙusa, a ƙirga sittin. Dabarar ke nan: hannun da ya kai ƙwallo ƙasa ya kai jiki ƙasa, wadda ta durƙusa kuwa ba ta gudu. Idan sittin ta cika ba a ji na biyu ba, a ɗauki ƙwallo a ci gaba daga inda aka tsaya, kamar ba a yi komai ba. Ta samo tsohon duro ta kafa a gefen fili. Ana cikin wasa sai ta maka masa ƙarfe ta daka tsawa, “Ajiye!” Haka ta yi ta yi, wata da watanni, har abin ya bar kunnuwansu ya shiga ƙashinsu. Sauran filayen gari suka ɗauka. Har samarin Yerwa, da ba sa jin maganar kowa, suna ajiyewa. Babu wanda ya ƙara tambayar wa ya fara.

A shekarar da ake wannan labari, makarantun gwamnati suna rufe. Azuzuwan makarantar da filin yake a bayanta sun cika da mutanen Bama da Gwoza da aka koro daga garuruwansu. A kan simintin filin matan ke shanya kuɓewa, sai an roƙe su sun kwashe kafin a yi wasa. A cikin wannan hali wata ƙungiyar agaji ta shirya gasar 'yan mata. Ƙungiyoyi huɗu. Wadda ta ci, 'yan matanta bakwai za su hau jirgi zuwa wata makarantar kwana a Abuja su ƙarasa sakandare kyauta. Sharaɗi ɗaya: kada yarinya ta kai shekara goma sha takwas.

Khairiyya tana da sha bakwai da wata tara.

Ita ce ta gaji Jannat a cin maki, doguwa, marar yawan magana, mai tafin hannu kamar faifai. Aji ɗaya ya rage mata aka rufe makaranta. Har yanzu tana zuwa atisaye da littafin ilmin halittu a jakarta, bangonsa ya yage, ta haddace shi har da lambobin shafi. Aikin jinya take so. Ubanta, Alhaji Habib, dillali ne a Kasuwar Shanu, kuma sai da Phoebe ta je ta same shi a rumfarsa kafin ya sa hannu a takarda. Kasuwar kusan babu dabba a lokacin, hanyoyin da shanu ke bi duk sun toshe.

“Malama, ni ban gane wannan wasan naku ba,” in ji shi. “Mace ta yi ta tsalle kamar ɗan maraƙi, ta jefa abu a kwandon da ba shi da gindi. Wa ke zuba kaya a kwando marar gindi?”

“Alhaji, wannan kwandon makaranta ce a ƙarƙashinsa.”

Ya daɗe yana duban takardar a juye, sannan ya miƙa babban yatsa aka shafa masa tawada.

“Don makarantar na sa hannu. In ba ta samu ba, ta dawo ta taya uwarta haɗa turaren wuta. Ni ba ni da wata Abuja da zan kai ta.”

Rafalin da aka turo daga Jos ya iso ran Alhamis. Jonathan sunansa, dogon mutum mai ladabi, gumi ya jiƙa masa riga tun daga filin jirgi. Su biyu aka ce za su zo, ɗayan matarsa ta ɓoye masa jaka. Ya tara kociyoyin a ƙarƙashin bishiyar maina don ya karanta musu ƙa'idoji. Da ya gama, Phoebe ta ba shi labarin dokarsu, har da Jannat.

Ya saurara har ƙarshe, bai katse ta ba.

“Madam, na ji. Allah ya ji ƙan yarinyar. Amma usur ne ke tsayar da wasa, ba wani abu ba. In na ji abin da ya isa a tsaya, zan busa.”

“Yaya za ka gane wanda ya isa?”

“An gaya mini a masauki. Yawancin ƙarar da zan ji ta sojoji ce, daga nan suke harbawa zuwa daji. An ce kada in damu.”

Malam Tahir, kocin 'yan Yerwa, ya yi dariya har hularsa ta karkace.

“Oga rafali, mu da muka shekara biyar muna sha, sai ta gama muke sanin ta wa ce. Kai daga kwana ɗaya?”

“To ku ba ni a rubuce, in aika wa masu gasa,” in ji Jonathan. “In sun yarda, ni mene ne nawa?”

Aka rubuta. Aka aika. Amsa ba ta zo ba.

Don haka da yammacin Alhamis da Juma'a, Phoebe ta tsaya a gefen duronta tana warware abin da ta shekara biyu tana ɗaurewa. “In ba usur kika ji ba, kada ki tsaya. Ko sama ce ta faɗo.” Ta maka wa duron ƙarfe. Shida daga cikin bakwai suka zube ƙasa, suka tashi suna dariyar kunya. Ta sake. Suka sake zubewa. Khairiyya kaɗai ta iya. Kafaɗarta takan yi tsalle, ƙafarta ta yi kamar za ta lanƙwashe, sai ta cije leɓe ta wuce da ƙwallon har kwando.

“Haka nake so,” in ji Phoebe. Amma duk lokacin da ta ga bayan yarinyar tana gudu bayan ƙara, sai ta tuna Jannat. Ba ta gaya wa kowa ba.

Dala da Yerwa suka kai wasan ƙarshe. Ran Asabar da ƙarfe biyu aka fara, rana na dukan siminti, don kowa ya isa gida kafin dokar hana fita. 'Yan gudun hijira suka cika gefen fili, mata a kan tabarmi, maza a kan katanga. A bakin ƙofa 'yan gora, samarin sa-kai masu tsaron gari, suna laluben duk mai shigowa. Malam Pindar, wanda yake koyar da lissafi kafin a rufe makaranta, shi ke zaune a tebur da agogon hannu da takardar maki.

Wasan bai yi kyau ba. Kowa tana tsoron kuskure, sai kuskuren ya yi yawa. Jonathan yana busa komai, kuma daidai yake busawa. Taku uku da ƙwallo a hannu, ya busa. Tsayuwa a ƙarƙashin kwando fiye da daƙiƙa uku, ya busa. Falmata ƙarama ta Dala ta yi laifi na biyar tun kafin zango na ƙarshe, ta koma benci tana kuka cikin hijabinta.

Kyaftin ɗin Yerwa, Gumsu, gajera ce mai ƙarfi da baki. Ita ke tsaron Khairiyya, ta manne mata kamar kaska.

“'Yar Shanu, yau babu kiwo. Koma gida ki tatsi nono.”

“Ki yi tsawo tukuna, sai mu yi magana.”

“Tsawon me? Rimi ma da tsawonsa, ƙasa yake zubar da 'ya'ya.”

Phoebe ta san Gumsu. Ta san ɗakinsu guda ne su tara, tun da aka ƙone musu unguwa. Ta hana kanta tuna wannan.

Saura daƙiƙa goma sha huɗu, Yerwa na da talatin da ɗaya, Dala na da talatin. Ƙwallo a hannun Yerwa. Ba abin da suke bukata sai su riƙe shi lokaci ya ƙare. Wata daga cikinsu ta tsorata, ta jefa wa Gumsu da sanyin hannu, dogon hannun Khairiyya ya shiga tsakani. Ta fizge, ta buga da ƙasa, ta zura da gudu. Babu kowa a gabanta. Ta wuce tsakiyar fili, ta wuce layin maki uku. Matan kan tabarmi suka miƙe suna guɗa.

Sai ƙarar ta zo.

Daga gabas ta zo, mai nauyi, irin wadda ake ji a tafin ƙafa kafin kunne. Tsuntsaye suka tashi daga maina. Kafaɗar Khairiyya ta yi tsalle, ƙafarta ta yi kamar za ta lanƙwashe. Ta cije ta wuce. Taku huɗu ya rage mata. A bayan kwandon da ta nufa, ƙofar makaranta take, a bayan ƙofar kuma titi.

Phoebe ba ta ga kwando ba. Bayan yarinya ta gani, tana gudu da ƙwallo, ta nufi titi.

“Ajiye!”

Ba ta san ta faɗa ba sai da ta ji muryarta ta daki katanga ta dawo.

Khairiyya ta kama ƙwallon da hannu biyu, ta ajiye shi a kan siminti, ta durƙusa a gefensa. Gumsu, da ke biye da ita, ta riga ta durƙusa. 'Yan wasa goma, da na benci, da matan tabarmi, da mazan da suka diro daga katanga, kowa ƙasa. Malam Pindar ya danne agogo da kansa ya shige ƙarƙashin tebur. Mutum ɗaya ne a tsaye a duk filin, usur a bakinsa, yana waige-waige.

Aka ƙirga. Ana jin leɓuna na motsi, wasu da Hausa, wasu da Kanuri, wasu salati kawai suke yi. Sittin ta cika. Wani tsoho a gindin katanga ya karkata kunne ya ce, “Fita ce. Sojojinmu ne.” Wani ya ce a'a, ta yi kusa da yawa. Wayoyi suka fara fitowa daga aljihu.

Khairiyya ta yi abin da ake yi kullum. Ta ɗauki ƙwallonta daga inda ta ajiye, ta buga sau ɗaya, ta tashi sama ta zuba. Ya shiga ko ƙarfen kwandon bai taɓa ba.

Usur ya riga ya yi kuka tun tana ɗauka.

Jonathan ya kaɗa hannuwa a gicciye, babu maki. Sannan ya yi alamar bugu biyu, tafin hannu ɗaya sama ɗaya ƙasa, ya nuna ɓangaren Yerwa.

Phoebe ba ta san lokacin da ta tsallake layi ba.

“Wasa a tsaye yake! Kowa ya gani!”

“Madam, koma bayan layi.”

“Dubi 'yan Yerwa, su ma sun tsaya! Dubi mai agogo!”

“Ban busa ba.”

“To ka ce ka busa. Wa zai ce ba ka busa ba? A cikin wannan ƙarar wa ya ji?”

Ya cire usur ɗin daga bakinsa.

“Ni na san ban busa ba,” ya ce da ƙaramar murya. “Na so in busa. An ce mini ta sojoji ce. Kafin in yanke shawara ta riga ta ajiye. Ta kama da hannu biyu, ta saki, ta kuma ɗauka. Me zan kira shi?”

“Ni na ce ta ajiye. Ni ce. Hukunta ni, ka bar mata makinta.”

“Babu wannan a littafi.”

“Bam fa, akwai shi a littafin?”

“Madam, in na ba ta, na ƙwace daga hannun waɗancan bakwai ɗin. Su me zan gaya musu? Ki koma. Ina roƙon ki.”

Ta juya wajen Malam Tahir. Shi da ya yi dariya a gindin maina. Ya san dokar, yaransa sun durƙusa a kanta, kalma ɗaya daga bakinsa za ta iya sa rafali ya sake tunani. Ya dube ta, ya dubi 'yan matansa da ke tsaye cirko-cirko, sannan ya sunkuya yana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

Phoebe ta kama hannun rigar rafali. Ba da ƙarfi ba, yadda ake kama mai tafiya don ya tsaya ya ji. Amma an gani. Jonathan ya rufe ido, ya buɗe, ya kafa yatsun hannu ɗaya a tafin ɗayan. Laifin koci. Jifa ɗaya kyauta ga Yerwa, kuma ƙwallo ya zauna a hannunsu.

Gumsu ce ta taka layin jifa. Ba ta yi ba'a ba. Ta juya ƙwallon a hannu, ta dubi Khairiyya da ke tsaye a tsakiyar fili hannuwa a sake. Ta jefa can gefe, ko allon kwando bai taɓa ba. Wasu suka tafa mata. Phoebe ta san wannan ba kyauta ba ce, maki ɗaya dai yana nan a tsakani.

Malam Pindar ya ce saura daƙiƙa takwas a agogonsa. Jonathan bai yi gardama ba, ko da yake a littafi da tuni sun ƙare. Aka miƙo wa Gumsu ƙwallo daga gefe. Khairiyya ta taso mata, hannuwa a buɗe.

“Ya Gumsu,” ta ce. Ba ta taɓa kiran ta haka ba.

Gumsu ba ta ɗago ido ba. Ta juya mata baya, ta tsuguna a kan ƙwallon tana buga shi ƙasa-ƙasa, tana ja da baya, inda dogon hannu ba ya kaiwa. Takwas ba ta da yawa. Usur ya yi doguwar busa.

'Yan Yerwa ba su yi tsalle ba. Suka taru a gefe, ɗaya tana kuka, ba a san na mene ne ba. Aka kawo wa Phoebe takardar maki. Akwai gurbin da koci ke rubuta ƙorafi a baya. Ta rubuta layi huɗu, ta karanta, ta ga duk abin da ta rubuta gaskiya ne kuma babu wanda ya saɓa wa hukuncin. Ta sa hannu.

Khairiyya na zaune a kan benci tana kwance takalmi. Phoebe ta tsaya a kanta.

“Khairiyya.”

“Na'am, Koci.”

“Ni na yi kuskuren.”

“Kin ce ajiye, na ajiye.” Ta cusa takalman a jaka, kusa da littafin. “Bari in je, Baba zai ji ƙarar ya yi ta kira.”

Daga baya aka ji cewa ƙarar ta sojoji ce. Wasu kuma suka rantse ba ita ba ce. Amsar wasiƙar masu gasa ta iso bayan kwana tara, sun ce sun yaba da shawarar, za a duba ta a gasar baɗi. Jirgin ya riga ya tashi da 'yan Yerwa.

Phoebe ta ɗauka ba za ta ƙara ganin Khairiyya a fili ba. Amma ran wata Litinin sai ga ta, ƙamshin turaren wuta na tashi daga kayanta, babu jakar littafi. Su huɗu ne kawai suka zo. Aka roƙi matan suka kwashe kuɓewa, aka fara, biyu da biyu.

Ba su yi minti ashirin ba ƙarar ta zo. Wannan ba sai an tambayi tsoho ba. Ta kusa, har ƙura ta zubo daga allon kwando. Ukun suka zube ƙasa.

Ƙwallon na hannun Khairiyya. Ba ta tsaya ba.

“Ajiye!” in ji Phoebe.

Tana buga shi da ƙasa, ba gaggawa, ta zagaye waɗanda suka durƙusa.

“Khairiyya, ajiye! Ki durƙusa!”

Ta tashi ta zuba. Ya shiga. Ta tare shi a ƙarƙashin kwando, ta koma layi, ta sake tasowa.

Phoebe ta laluba wuyanta. Usur ɗinta na rataye a jikin duro, can ƙarshen fili. Ta dubi nisan, ta dubi yarinyar da ke tsaye ita kaɗai a fili. Gwiwoyin Phoebe sun riga sun kai ƙasa da kansu, bakinta kuma ya fara ƙirga. Tana kan goma sha bakwai, ƙwallon na ta dukan siminti.